Keken da Aka Rataye a Zaure

Wata rana ina zaune a rumfar Barau mai gyaran keke, ina jiran a liƙe mini taya, sai ga wasu dattawa biyu ɗauke da keke.

Ba tura shi suke ba. Ɗaya ya riƙe gaba, ɗaya ya riƙe baya, don ƙafafun sun daina juyawa.

Kama ta nuna cewa wa da ƙane ne. Amma ko kallon juna ba sa yi.

Daga baya Barau ya ba ni labarinsu. Haladu ne babba, Sallau ƙarami. Keken na mahaifinsu ne, mutumin da kowace Juma'a da safe sai ya bi notunan kekensa da sifana, ya ɗiga musu baƙin mai, sannan ya yi wankan masallaci.

Da ya rasu, an raba gona, an raba gida, ba a ji kansu ba. A kan keke aka tsaya. Kowa ya ce shi tsoho ya yi wa alkawari.

Sai manya suka ce a rataye shi a azarar zaure har su shirya.

Aka rataye.

Damina ta zo, zaure ya yi yoyo. Wata ta zo ta wuce. 'Ya'yansu suka girma, suka yi aure. Kullum su biyun suna wucewa ta ƙarƙashinsa, babu wanda ya ɗaga hannu, don duk wanda ya taɓa, za a ce ya fara mallaka.

Yanzu tsohuwarsu tana kwance, jiki ya yi nisa. Abu ɗaya ta roƙa: ta ji ƙararrawar keken Malam a ƙofar gida, ɗanta a kai. Ba ta ce wane ɗa ba.

Barau ya zuba kananzir a notin ƙafar gaba, ya jira, ya sa sifana.

Ƙas. Notin ya karye.

Ya koma na sirdi. Shi ma haka. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen tsakiya, tsatsa ta zubo kamar garin barkono.

Ya share hannu ya ce, "Bayin Allah, duk tsawon nan wa ke sa masa mai?"

Haladu ya ce, "Tambayi mai keke. Ai ya ce nasa ne."

Sallau ya ce, "Haba Yaya. Da na ɗiga ko ɗigo ɗaya, da har gaban mai unguwa ka kai ni."

"Da na kai ka, wallahi."

Barau ya ce, "To ku yi haƙuri. Wannan ba ya hawuwa. Ko kun biya ni, ba zan ɗora mutum a kai ba."

Ƙararrawar kaɗai ya samu da sauran rai. Ƙusarta ta ƙi kwancewa, sai da ya sa zarto. Ya ɗiga mai, ya taɓa, ta yi 'yar ƙara a shaƙe.

Ya miƙa ta, ya ce a kai wa Inna ko wannan ta ji.

Hannu biyu suka miƙo.

"Ni ne babba."

"Ni nake jinyarta."

Barau ya ajiye ta a kan benci, ya koma kan tayata.

Har na biya na hau na tafi, suna tsaye, ƙararrawa tana tsakaninsu. Tsohuwa tana gida tana sauraron ƙofa.

Darasi: Ajiya ba ratayewa ba ce. Keken da za a daɗe ba a hau ba yana son inuwa marar yoyo, da mai a kowane noti, da hannun da zai riƙa juya shi. Zumunci ma haka. In kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara, tsatsa ba ta jiran kowa.

Ku tura wa wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba. Kada ku jira ya fara.