Hannun Ƙofar Masallaci

A shekarun tamanin ina direba a wani kamfani a Accra, amma zuciyata tana wajen ƙarfe. Duk Asabar sai na tafi Abossey Okai na tsaya ina kallon makanikai suna sassaƙa ƙarfe a inji, yana juyawa, ɓawonsa na zuba a nannaɗe. Ba sana'a nake nema ba. So nake kawai na samu ƙaramin injin na kaina, na ajiye a barandar ɗakinmu a Nima.

Na yi wata da watanni ina zaɓe. Wani ya yi girma, wani yana rawa in an kama shi, wani haƙoransa sun cinye. Sai na ci karo da wani ɗan ƙarami a shagon wani Asante, fentinsa ya koɗe amma ko'ina lafiya lau. Da na murɗa hannunsa na ji ya tafi sumul, na san shi ne.

Twi ɗina, yarensu na Asante, bai kai na ciniki ba, don haka na ɗauki maƙwabcina, tela, wanda bango ɗaya ya raba mu. Mutumin da ko ƙusa bai iya bugawa ba.

To, ni mahaifina fatauci ya yi, kuma a gidanmu abin da kake so shi kake kushewa, don kada mai kaya ya ga idonka. Na zage na ci mutuncin injin nan. Na ce ya tsufa, na ce tsatsa ta gama da shi, na ce ko kyauta ba na so. Tela yana fassarawa tiryan-tiryan. Na juya na tafi, da niyyar na dawo bayan kwana biyu farashi ya sauko.

Ya sauko kuwa. Washegari da la'asar na ga 'yan dako suna sauke injin nawa a ƙofar tela.

"Maƙwabci, mene ne haka?"

"Cale, abokina, ai kai ka ce ba ka so. Ni kuma na ga abin ya yi fain, mutumin ya rage mini sosai. Ya ce wai kai ka san inji, tunda ka ce bola ne."

Wallahi har yau ban sani ba ko wauta ce ko wayo. Na ce Allah ya sanya albarka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya iya. Da ya ɓata injin da na huce. Amma hannun tela hannun awo ne. Kullum ina jin ƙugin injin ta bango, ina cin tuwo ba na jin ɗanɗanonsa. Matata ta ce na je mana ya ara mini. Na ce Allah ya kiyaye na yi aron abina.

Daga baya na sayi wani a Maamobi, mai fenti kore shar, mai rawa kamar tsohuwar trotro, motar haya. Ban taɓa fitar da abu zagaye sosai a kansa ba.

Kafin azumin shekarar, tela ya sassaƙa hannun ƙofa na tagulla, ya ba masallacin layinmu sadaka. Liman ya yi masa addu'a a gaban jama'a. Hannun yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba, yana cika tafi, ba kaifi ko kaɗan.

Shekara da shekaru na yi salla a masallacin nan. Da kafaɗa nake tura ƙofar.