Ƙafa Ta Shida a Shagon Kawu

Kawuna mai gyaran rediyo ne tun zamanin da rediyo ke yin zafi kamar dutsen guga. Shagonsa tsakanin na tela da na mai aski yake, ƙamshin dalma da ƙura ya kama bangon. Da rediyoyi suka daina zuwa, sai makaɗa irina suka maye gurbinsu, muna kawo masa tsofaffin amfilifaya masu bawul, wato kwalaben nan da ke ja kamar garwashi a bayan akwatin.

Ni jita nake kaɗawa. Makaranta mun rabu da ita ba faɗa. Koyon walda na yi sati nawa ne ma, na gudu, haka tuƙi. Innata, ƙanwar Kawu, takan ce da a kan ƙaya aka haife ni da na fi haka zama.

Kawu bai taɓa koya wa mutum ƙafafun bawul da lamba kawai ba, da danginmu yake koyarwa. Sai ya kifa kwalbar, ya nuna ɗan tudun da ke jikin sandar tsakiya, wanda yake kira hanci, ya ce daga nan ake ƙirga, a bi yadda hannun agogo ke tafiya. Ta biyu da ta bakwai su ke hura wuta a ciki, don haka matarsa ce da innata. Ta takwas shi ne da kansa, sai ya ji ɗumi yake sakin abin hannunsa. Ta uku babban ɗansa ce, Yaya, komai aka saki ita ke karɓewa, kuma ka taɓa ta ta wurgar da kai ƙofar tela. Ta huɗu 'yar zuga ce, mai aski maƙwabcinmu ke nan. Ta biyar kuwa jikarsa ce: nan ɗan siririn sautin jita ke shiga, ta yi raɗa kawai gida ya girgiza. Ta ɗaya ya ce surukinsa ne, yana nan dai.

Na tambaye shi ina tawa. Ya ɗora yatsana a kan giɓi, inda babu ƙafa sam.

"Ga ka nan, ɗan ƙanwata. Ta shida. An san da gurbinka, ba a taɓa ganinka a ciki ba."

To, idon Kawu ya fara hazo. Ya ɓoye, amma Yaya ya gane ranar da Kawu ya gaida rigar da tela ya rataye. Yaya ya ce wutar amfilifaya ba abar lalube ba ce, za a rufe shago a ba mai sayar da wayoyi. Kawu ba shi da wani wuri a duniya da ya wuce kujerar nan mai ƙafar aro. A zaunar da shi a gida, matarsa ta ce sai dai ita ta fita.

Ana cikin haka hancin bawul ɗina ya karye. Idan babu hanci, kwalba na iya shiga soket ta kowace fuska, kuma in ta shiga a karkace, wutar ƙafar Yaya ta bi ta ƙafafun su Inna, sai hayaƙi. Kawu ya ce wa Yaya ya zo ya gani da idonsa: in shi Kawu ya mayar da ita daidai, a bar masa shagonsa. Sannan ya ja ni gefe, ya ce giɓin kwalba yatsa na ji, amma fuskar soket ba ya gani. In tsaya a bayansa, yana juyawa, in ta daidaita in yi tari.

Na ce Kawu, maguɗi? Ya ce a'a, mura.

Yaya ya zo da safe ya harɗe hannu a bakin ƙofa, mai aski ya leƙo da almakashi. Kawu ya shiga juya kwalba a hankali. Ta zo daidai, na yi tari. Ya wuce. Ta sake zagayowa, na ƙara. Ya wuce kamar kurma. Amfilifayar nan fa ita kaɗai na mallaka. A karo na gaba na yi tarin da sai da tela ya tsayar da keke. Nan Kawu ya danna, ya kunna, kwalba ta yi ja, na taɓa tsirkiya sauti ya fito tas.

Yaya ya dube ni ya ce ai ko jariri ya gane wannan tarin. Kawu bai musa ba.

"Hannu nawa ne, ido nasa. In yana nan, me zai ƙone?"

Yaya ya yanke: shago na nan muddin ina cikinsa kullum. Ranar da na gudu, ranar za a sa kwaɗo. Kafin in buɗe baki mai aski ya ce shi shaida ne.

Bayan kwanaki na ɗago kai daga shara, na ga Kawu ya ɗauki wata kwalba marar hanci, ya shafa soket da babban yatsa, ya danna ta tsaf yana hira da tela, ko kallo bai yi ba. Na ce ashe haka ne. Ya ce innata ce ta kawo shawarar yadda za a zaunar da ni wuri guda, shi aiwatarwa kawai ya yi.

Ya kifa akwatin ya nuna mini ƙasan soket. A ramin ta shida, inda kwalba ba ta da ƙafa, masu gyara kan ɗaure wayoyi don kada su yi ta lilo. Ya miƙo mini ƙarfen dalma ya ce in riƙe ta wajen katako.