Takardar da Na Goge da Hannuna

Ina zaune a shagon mai gyaran kwamfuta wajen Ƙofar Durbi, ina kallon takarduna suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Filashina na goge bisa kuskure, ga takardun neman ƙarin girma duk a ciki, kuma gobe za a rufe karɓa.

Mai shagon ya sa manhaja ta kwaso su kaf. Sai na ga ya tsaya kan wata.

"Malam, wannan fa? Takardar ajiye aiki ce, da sunanka."

Na leƙa. Shekara shida ke nan da na rubuta ta, ranar da oga ya ci mini mutunci gaban jama'a. Washegari na huce, na goge.

Na ce, "Ai wannan da gangan na goge ta."

"Manhaja ba ruwanta da ganganci, Malam. In dai ba a ɗora wani abu a kai ba, yana nan kwance. Mi za a yi da ita?"

Na ce ya haɗa mini ita da sauran. Har yau shi ne ogana, kuma shi zai sa hannu gobe.

Ku fa, me kuka goge amma yana nan kwance?