Muryar Mushe Na'Allah

A wani ƙauye kusa da Bana, duk wanda ya iya rubuta sunansa, to ta hannun Mushe Na'Allah ya bi. Mushe ake kiran malamin lakwal a nan, wato malamin makarantar boko. Da yana saurayi, in ya ɗaga murya a aji, mata masu daka a bayan lakwal ma sai sun koyi faransanci ba shiri. Amma ƙurar alli da aji mai cike maƙil ba su bar shi haka ba. Sannu a hankali muryar ta dushe. Likita a Gaya ya ce masa ko ya rage magana, ko maganar ta bar shi gaba ɗaya. To malamin lakwal ya rage magana ya ci me?

Ana cikin haka wata ƙungiya ta zo da tayi, kowace lakwal ta zaɓi abu guda. Akwai radiyo mai aiki da hasken rana, da darussa a naɗe cikinsa, yana ajiye a Dosso. Akwai kuma na'urar haska hoto a bango, wadda sai an kawo ta daga Kwatano ta ƙasar Benin. Ran Na'Allah ya kwanta da radiyon, don ga abin da zai yi magana a madadinsa.

Sai dai shugaban iyayen yara Alhaji Bawa ne, surukinsa.

"Mushe, mi za mu yi da radiyo?" in ji Alhaji. "Ko makiyayi na rataye da nashi. A kawo muna mai hoton, ƙauyukka su gani."

"Baba, nisan ne nike ji."

"Wane nisa? Kamiyoyin dakon kaya na Kwatano ba kullum suka wucewa gabanmu ba?"

Mutumin Gaya bai taɓa tunanin kayan Kwatano za su ƙi zuwa ba. Kuma wa ke musu da surukinsa a gaban jama'a? Na'Allah ya sunkuyar da kai, aka zaɓi mai hoton.

Daminar nan sojoji suka karɓi mulki. Aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, wadda kayan Kwatano ke bi, ƙungiyar ta tattara nata ya nata ta tafi, mai hoton bai iso ba. Radiyoyin kuwa tuni aka rabar wa lakwal-lakwal na wajen Karakara. Na'Allah ya hau babur ya je can roƙon aron ɗaya, suka ba shi haƙuri da ruwan sha. Ya je bakin gada ya tsaya yana kallon kamiyoyi jere a ƙetaren kogi. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ga shi babu wanda zai kai wa ƙara.

Ranar da aka koma lakwal ya shiga aji, yara suka miƙe suka gaishe shi da ƙarfi. Ba sa zama sai malam ya ce a zauna. Ya buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Ya sake gwadawa. Yaran suna tsaye, hannuwa harɗe a ƙirji, suna jiransa.