Baba Pefura, Wanda Ya Koma Kan Dutse Da Gora Biyu Cike

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, 17 ga Fabrairu, ranar tserenmu na shekara, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, masu tsinkar tumatir suka tsinci Baba Inusa Pefura a gefen hanyar da ta gangaro daga dutsen Mbapit. Yana zaune, ya jingina da kekensa, rai ya yi halinsa. Shekararsa hamsin da tara. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya, ga zafin rana, ga rashin ruwa a jiki. A jikin keken kuwa akwai gora biyu cike, ko kurɓi ɗaya ba a sha ba.

Baba, yau kwana goma sha ɗaya ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ban sani ba ko yabo zan rubuta ko neman gafara. Duk wanda ya shiga gidanka gaisuwa, matarka Inna Ngutane tambaya ɗaya take yi masa: wane ne mijinta ya koma nema bayan ya riga ya sauko? Sau uku na zauna a tabarmarta tana wannan tambaya, sau uku na sunkuyar da kai. Ni ne, Baba. Ni ne Mefire, ɗan gidanka, wanda ka koya wa ɗaura birki.

Duk wanda ya taɓa hawa keke a Fumbot ya san rumfarka ta bayan tasha. Mutum zai kawo maka faci, ka riƙe shi awa guda kana duba sarƙa da wayoyin sifok na taya, kana faɗa kamar kai ka sayi keken. Da muka fara tseren hawan dutse, kilomita ɗari da goma daga Fumbot a zaga ta Kutaba a haye Mbapit a dawo, ba wanda ya naɗa ka, amma kai ka zama uban tafiya. Daren jajibiri kowa sai ya nuna maka kayansa: famfo, tiyub na ko-ta-kwana a ɗaure ƙarƙashin sirdi, guntun sarƙa, hular kwano. Wata shekara Kuwotu, mai riƙe da sunayen 'yan tsere, ya zo ba famfo, ya ce zai ara a hanya. Ka dube shi ka ce, "A wajen wa, ɗan nema? Birai?" Ka kwance naka ka ɗaura masa.

Ruwa kuwa, nan ne ba ka wasa. Gora ɗaya, zuma cokali biyu, gishiri abin da yatsu uku suka ɗauka, rabin lemun tsami. Kana cewa a ɗanɗana, in ya fi hawaye gishiri a ƙara ruwa. Zallan ruwa a doguwar tafiya ka ce wanki ne kawai, yana fitar da gishirin jiki ya bar mutum da ɗaurewar ƙafa. Ka hana mu jiran ƙishirwa, ka ce wanda ya ji ƙishirwa ya riga ya makara. Kowane minti arba'in a ci wani abu, ko ana so ko ba a so: ayaba, dafaffen dankali da gishiri, gyaɗa, dabino uku. Na tuna tserena na farko, da ƙafafuna suka ƙi ni a hawan Kutaba har na fara ganin hanya biyu. Ka iso ka zaunar da ni a inuwa, ka ɓare ayaba kana tura mini a baki kamar jinjiri, kana cewa, "Haɗiye, maigida, in ka mutu a nan uwarka ni za ta kama." A ranar na ƙarasa, na ƙarshe, kana bayana.

Domin kullum kai ne tsintsiya, mahayin da ke zuwa bayan kowa. Tsintsiya ba ya wuce kowa, ba ya shiga gari sai ya tabbata ba wanda ya rage a daji. Gora biyu da yake ɗauka ban da tasa ba nasa ba ne, na wanda ya faɗi ne. Kai ka kafa mana ƙa'idar da ke tafe da wannan. A kowace tashar ruwa matan da ke cika mana gora suna jefa ƙwayar masara ɗaya a ƙwarya duk lokacin da mahayi ya wuce. Wanda ya gaji ya bar tsere kuwa, dole ya kwance lambar da ke gaban kekensa ya ba su ko ya ba ka. Masara da lambobi in an haɗa, sai su yi daidai da waɗanda suka tashi. Shekara tara lissafin bai taɓa ɓaci ba.

Akwai wata ƙa'idar taka kuma: ba a kai amarya tsere. Sabon takalmi, sabon sirdi, sabon abinci, duk abin da jiki bai saba da shi ba, a bar shi gida. Ni kuwa sai ga ni da wasu ƙananan ledojin zaƙi da abokina ya aiko mini daga Duwala, irin waɗanda manyan 'yan tsere ke tsotsa. Da safe ka gan su a aljihuna. Ka ce, "Ka taɓa shan wannan?" Na ce a'a, amma turawa shi suke sha. Ka ce, "To, cikin bature gare ka? Zai ba ka labari kafin azahar." Na yi dariya, wallahi har da tafa maka kafaɗa.

Bayan tashar ruwa ta biyu, a tsakiyar hawan Mbapit, cikina ya juya. Na yi amai har na rasa abin da zan amayar. Na san nan da rabin awa za ka iso ka same ni, na san abin da za ka ce, na san har shekara ta zagayo ana ba da labarina a rumfarka. Kunya, Baba, ba wani abu ba. Na ja kekena na bi ƙaramar hanyar gonaki, na sami a-kori-kurar tumatir ta kai ni gida. Lambata tana gaban keken. Na tuna da ita a mota, na ce in na huta zan kai. Na kwanta, barci ya ɗauke ni.

Sauran daga bakin matan tasha ta uku na ji. Ka sauko lafiya, gorarka ta ƙare, ka ce a ƙirga. Mutum arba'in da bakwai suka tashi, masara arba'in da ɗaya, lambobi biyar. Aka sake ƙirgawa. Ka ƙi zama. Ka ce a daka maka citta, ka zuba a gora ɗaya daga cikin biyun nan, ka ce, "Na san mai ciwon cikin." Ba ka faɗi suna ba. Ruwansu ya kusa ƙarewa, suka ce ka cika taka da ragowar, ka ce ka ga yadda suka yi gumi, su sha. Ka juya ka sake hawa, ƙarfe biyu na rana.

A nan kaina ke kullewa. Mutumin da ya shekara tara yana zagin mu a kan ƙishirwa, yaya ya zauna da ruwa a gefen gwiwarsa bai sha ba? Ko kurɓi ɗaya? Wani lokaci in ji haushinka, in ce taurin kai ne, ƙa'idar ai kai ka kafa ta, kai ke da ikon karya ta. Can kuma in ce wa ya ba ni bakin jin haushi. Ko ka yi zaton ina kwana na gaba, sai na gabansa, har ƙarfi ya ƙare? Ko zuciyar ce ta zo farat ɗaya ba ta ba ka zarafin miƙa hannu ba? Kuwotu, wanda ya duba takarda ya gane, ya ja ni gefe a maƙabarta ya ce, "Rufe bakinka, ajali ne, kada ka ƙara wa tsohuwa ciwo." Na yarda ajali ne. Amma ajali bai hana ni kwance lamba ba, ni na ƙi.

Jiya na koma gidanka karo na huɗu. Na jira mata suka ragu, na durƙusa na ce, "Inna, wanda Baba ya koma nema, ni ne." Na faɗa mata komai, har barcin. Na shirya wa zagi, na shirya wa kora. Ta dube ni. Sai ta ce, "A ina ka faɗi, ɗana? Ka ji ciwo?" Na ce ban faɗi ba, Inna, ina gida. Ta ce, "Ashe ka sauko lafiya." Ta gyara mayafinta, ta ce, "To, shi bai sani ba." Ba ta ce in tashi ba. Har yanzu ban san ko yafe mini ta yi ba, kuma ba ni da fuskar tambaya.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Inusa Pefura. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, shan da ba ƙishirwa bayansa. Duk wanda ya ɗaga daga gefen hanya, ka sa ya zama haske gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Ngutane, da 'ya'yansa Pasma da Rainatu da Fifen, da 'yan'uwansa na Kutaba, da dukan mahayan Fumbot. Allah ya ba ku haƙurin da ni ban isa in roƙe ku ba. Mu kuma Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Baba, ka daina nema. Tun ƙarfe ɗaya na rana ina gida.