Kunkurun da na ɓoye a kumatu

Ɗan bijimi ne fari sol, bai wuce babban yatsana ba, an kulle shi cikin gilashi da fitila a kansa. Ɗana, malamin jami'a, shi ya ɗauko mu daga unguwar Wangsa Maju, a nan ƙasar waje inda yake aiki, zuwa gidan kayan tarihi. 'Yarsa, jikata, ta karanta takardar da ke jikin gilashin, ta ce mutanen farko na can wajen Indiya suka sassaƙa shi da katantanwar teku. Uban sai ɗaukar hoto yake. Ni kuwa zuciyata ta tafasa, ku tsaya ku ji dalili.

A garinmu, in kogi ya janye da rani, mukan tsinto ƙumba a yashi, tana ƙarnin kifi. Mata su ƙona ta su yi allin kaɗi. Kakata kuwa masu kauri take zaɓa. Duk ɗan da ta yaye ko jikan da aka kawo mata yaye, sai ta zauna gindin tsamiya da aska da basilla, ƙarr, ƙarr, ta fitar da dabbar da ta dace da halinsa, ta rataya masa a wuya, ya yi ta tsotsa ya manta nono. Yayana kada, saboda cizo. Ni kunkuru, wai na ƙi tafiya da wuri.

Ina shekara bakwai baffana ya dawo daga karatu, ya ce gumaka ne. Ya bi ɗaki ɗaki ya tattara, ya juye a turmi.

Kakata ta ce, "Kai da ka tsotsi zomo wata uku, sujada ka yi masa?"

Ko kai bai ɗaga ba, ya daka. Na cusa nawa a kumatu, na ce haƙori ke ciwo. Har kakata ta koma ga Allah ba ta sake taɓa aska ba.

To ga na wasu cikin gilashi, har da mai gadi! Kuma wannan mai ɗaukar hoton, bara da ya ga kunkuruna, cewa ya yi, "Hajiya, a jefar da tarkacen nan mana, kada a zaci wani abu ne."

Da muka koma gida na kwance bakin zanena a gabansa, na ciro kunkurun na sa wa yarinyar a tafin hannu.

Ta ce, "Boleh, Kaka? Nawa?"

Wato "an yarda?" a yaren ƙasar nan; da ƙyar take haɗa Hausa. Kogin ma yashi ya cinye shi, masu kaɗi sun ƙare. Na ce nata ne. Uban ya buɗe baki, na ce, "Turmi za ka nemo?" Ya juya ya fita.

Duk da haka sai da na nuna mata inda ake ɓoyewa.