Gyaran Muryar da Nake Yi a Soro

Ni baduku ne a Mandawari, kuma cikin duk abin da hannuna ya saƙa babu wanda na ƙawata kamar dorinar da na rataye a ƙusa domin ɗana na fari. Ya zubar da ruwa, duka. Ya makara, duka. Wata rana na zane shi, daga baya aka gano ɗan maƙwabta ne ya yi ɓarnar. Cewa na yi ai gobe ma zai yi tasa.

Da ya shiga soja, babu majalisar da ban cika baki ba. "Ni na horar da shi tun a gida," nake cewa, ni da haushin kare ke sa ni sauya lungu.

Ya yi shekaru a bakin daga, ya dawo da ƙafafunsa, amma babu barci, babu shiga mutane. Na yanke hukuncin iska ce, na dinga banka hayaƙi har uwarsa ta kama tari.

Al'adata in zan shiga gida sai na yi gyaran murya a soro, don mata su kimtsa. Wata la'asar na yi, na shiga, sai ga ɗan nawa, ƙato mai gemu, ya saki kofin shayi ya maƙure a bango, hannu biyu a ka.

"Kin gani? Yaƙi ya tuna," na ce wa uwarsa.

"Wane yaƙi, Malam? A can ma gyaran murya ake yi musu? Tun yana ɗan shekara bakwai haka yake yi. Kai ne ba ka lura ba, idonka na kan ƙusa."

Ita ta gaya mini likitansa ya tambaye shi yarintarsa, ya ce wanda ya tafi da tsohon ciwo, yaƙi fama masa shi yake yi.

A makon ya kwashe kayansa ya koma Kabara wajen gwaggonsa. Na bi shi, na durƙusa a tsakar gidan ƙanwata ina neman gafara.

"Baba, tashi don Allah, gwiwarka ba za ta ɗauka ba."

Gaskiyarsa, sai da mutum biyu suka ɗaga ni. Bai ce ya yafe ba, bai kuma dawo ba. Amma yana zuwa duk Juma'a, ya zauna kusa da ƙofa. Juma'ar da ta wuce ya sa hannu a kwanona, idonsa na bin hannuna na dama. Sai na ci a hankali.